Lakar da Na Ƙi Zubarwa

Ko da zan manta da komai na zamana a Bwari, ba na jin zan manta da shekarar da maƙwabcina ya bar mini amanar kifayensa ya tafi asibiti. Har yau in hadarin farko ya haɗo na ji ƙamshin ƙasa, abin ne yake fara faɗo mini a rai, sai in kama kaina ina murmushi ni kaɗai, maiɗakina ta kalle ni ta ce, "To, an tuna."

Katanga ɗaya ce ta raba mu da shi. Dattijo ne mutumin Filato, Kirista, ya yi ritaya daga aikin gwamnati a ɓangaren kula da kifi. 'Ya'yansa duk sun kama gabansu, gidan daga shi sai matarsa, wadda duk layin muke kira Mama. Ni kuwa ma'aikaci ne, kullum ina kan hanyar shiga gari da dawowa, ba abin da ya haɗa ni da kifi sai in na gan shi a cikin miya.

Ranar da na fara shiga gaishe shi, na tarar barandarsa cike da akwatunan gilashi, kowanne da ruwa da 'yan ciyayi da ƙananan kifaye. Ya tambaye ni garinmu, na ce Kiyawa ta Jihar Jigawa. Ai kuwa sai ya miƙe zumbur, ya kama hannuna ya ja ni har ƙuryar barandar.

"Zo ka gaisa da ɗan garinku," in ji shi.

Na leƙa. Wasu 'yan kifaye ne da ba su kai tsawon ɗan yatsana ba. Mazan jikinsu shuɗi-shuɗi da ɗigo-ɗigon ja, suna ta baza fukafukai suna taƙama, matan kuwa launin ƙasa, ba ruwansu da ado. A jikin gilashin ya manna wata 'yar takarda, ya rubuta Pronothobranchius kiyawensis. Na yi ƙoƙarin karanta kalmar farko, harshena ya ƙi, ya yi ta dariya har da riƙe ciki. Sannan ya yi mini bayani cewa a wajen masana kowane kifi suna biyu gare shi, na farko na danginsa, na biyu nasa na kansa, domin mutumin Bwari da mutumin ƙasar Sin in sun ambaci sunan su san kifi ɗaya suke nufi. Ya ce wutsiyar nan ta ƙarshen suna na biyu kamar ka ce ɗan wuri kaza ne, saboda a Kogin Kiyawa aka kamo na farkon da masana suka duba suka raɗa wa suna. Har ma ya ce daga baya an sake nazari an canza masa sunan dangi, amma sunan garinmu yana nan ba wanda ya taɓa shi.

Wallahi kaina ya kumbura. Garin da in na faɗa a ofis sai an ce mini "ina ne nan?", ashe sunansa yana cikin littattafan duniya, a jikin kifi. Da na ƙura musu ido kuma sai na gane su. Muna yara mukan gan su a kududdufan damina, inda ba kogi ba rafi, kuma kakata ta ce mana daga sama suke faɗowa tare da ruwa. Na faɗa masa haka. Ya gyaɗa kai yana murmushi ya ce, "Bari dai, Ɗan Kiyawa, wata rana zan nuna maka inda suke faɗowa." Tun daga ranar sunana ya ɓata a bakinsa, na koma Ɗan Kiyawa.

Kakannin kifayen nan shi da kansa ya kamo su, shekaru masu yawa da suka wuce, a wani kududdufi a bakin hanya can wajen Katagum. Ya ce da ya sake bi ta wurin ya tarar an cike shi an yi gini. Tun daga lokacin yake ta kiwon su, iyaye su haifi 'ya'ya, 'ya'ya su haifi jikoki. Mama dai ba ta taɓa ganin amfaninsu ba. Takan ce, "Kifi da ba ya shiga tukunya, ni ban san aikinshi ba."

Damina tana gab da ɗaukewa ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace. Ni na kai su asibiti a motata. Kafin a shiga da shi ya damƙi rigata da hannun hagu yana ta son yin magana, abin da na iya tsinta kawai shi ne "kifi". Na ce, "Baba, ka kwantar da hankalinka, suna hannuna." Mama ta ba ni mukullin gida. Masu launi-launin nan na sauran akwatunan wani abokinsa ya zo ya kwashe, amma 'yan garinmu na ce ba inda za su, ni zan riƙe.

Na riƙe su kuwa tsakani da Allah. Kamar yadda na saba ganin yana yi, nakan tace musu tsutsar sauro daga wani tsohon baho a bayan gida, in rage ruwa in ƙara sabo. Har na fara jin daɗin kallonsu. A ƙasan akwatin akwai wata 'yar roba cike da wani baƙin abu kamar laka, wanda daga baya na gane ɓawon kwakwa ne aka daka aka jiƙa. Sai in ga namijin ya bi macen yana rawar jiki, ya tura ta cikin robar nan, ya rungume ta da fukafukansa, su yi karkarwa su ɗan nutsa cikin lakar, su rabu, can an jima su sake. Na ɗauka wasa ne irin nasu, nakan ce da namijin, "Kai dai ba ka da kunya, a gaban baƙo."

Ana nan sai suka fara sauyawa. Bayansu ya lanƙwashe, launi ya dusashe, cin abinci ya ragu. Wata safiya na tarar da ɗaya ya juya ciki sama. Na canza ruwa, na canza abinci, na matsar da akwatin daga rana, na mayar da shi, duk a banza. Ɗaya bayan ɗaya suka yi ta tafiya, har aka wayi gari ba ko guda.

Na kira Mama na faɗa mata. A lokacin an sallame shi daga asibiti, suna gidan 'yarsu a cikin gari ana yi masa gashin ƙashi. Ta ce, "Malam, don Allah kar ka gaya mishi. Likita ya ce kar a tada mishi hankali. Mutumin nan ya ƙi motsa jiki, ya ƙi abinci, in mai gashi ta zo sai ya juya fuska bango. Abu ɗaya yake tambaya, kifi, kifi. Ni kuma ina ce mishi suna lafiya."

Ka ji inda na shiga tsaka mai wuya. In faɗa, in karya zuciyar mutumin da kifin nan ne kaɗai ya rage yake riƙe da shi. In yi shiru, ranar da ya dawo ya ga akwati wayam, me zan ce? Abinci ya daina yi mini daɗi. Duk wanda aka taɓa bai wa amana ta lalace a hannunsa ya san irin wannan nauyin.

Wata Asabar na ɗau hoton 'yar takardar nan a waya, na tafi har unguwar Gudu a cikin gari, inda aka ce mini akwai mai sayar da kifin ado kusa da kasuwa. Na ce masa ina neman wani ɗan ƙarami mai ɗigon ja.

"Oga, masu ɗigon ja ai ba su ƙirguwa," ya ce. "Wane ɗaya? Ka ba ni correct name."

Na nuna masa hoton. Ya karanta, ya sake karantawa, ya sosa ƙeya. "Wannan ban taɓa ji ba, ba na kasuwa ba ne. Amma ga wani nan mai kama da shi, in ka zuba a ruwa wa zai gane?"

Na dubi kifin. Yana da kyau, yana da ɗigon ja, amma na san mutumin da ya yi rayuwarsa yana bambance kifi da kifi, ko da ido ɗaya ya rage masa ba za a yi masa wannan ba. Na yi godiya na juyo hannu rabbana. Yanzu in na tuna sai in yi wa kaina dariya. Ga suna a hannuna, wanda aka raɗa musamman don kowa a duniya ya nemi labarin kifin, da na buga shi a wayar nan da na huta da baƙin cikin watanni, amma kaina bai kawo ba. Ni dai na ɗauki sunan abin tinƙaho ne kawai.

Da na dawo maiɗakina ta ce tunda abin ya faru, gara a wanke akwatin, kada ya yi wari a gidan mutane. Ita mace ce mai tsabta har ta wuce misali, ni kuma, in faɗi gaskiya, ba na iya zubar da abu. Gwangwanayen madara, matattun rediyoyi, murafan tukwanen da tukwanensu suka daɗe da mutuwa, duk suna sitonmu. Rigimarmu ta shekara da shekaru ke nan. In ta ce tarkace, in ce ajiya maganin wata rana.

Muka kwashe ruwan, ta goge gilashi har yana ɗaukar ido. Da ta zo kan robar nan ta yatsine fuska, ta juye lakar a wani tsohon ɗankwali, ta matse ruwan sosai don kada ya ɗiga a tayil ɗin Mama, ta zuba a leda ta ƙulle.

"Ungo, bola za ka kai. Bola fa na ce, Malam, ba sito ba."

Na ce to. Ina fita na dubi ledar, na ce wannan baƙar ƙasa mai kyau haka, ai taki ce, in damina ta zo na zuba wa barkonona. Na zagaya ta baya na cusa ta a ƙarƙashin wani kwali a sito, na dawo ina karkaɗe hannu. Daga nan na manta da ita sam.

Zafi ya fara shigowa aka dawo da shi gida a keken guragu. Ya rame, fuskar nan mai yawan dariya ta zube. Mama ta so a wuce da shi ɗaki kai tsaye, ya kafe sai baranda. Ni da maiɗakina muna tsaye, na yi tsuru-tsuru. Ya dubi akwatin nan fes, ba ruwa ba kifi. Na durƙusa a gabansa na ce, "Baba, ka yafe mini. Na yi iya yina, amma sun mutu, duka."

Abin mamaki, ko gezau bai yi ba. Ya ɗaga hannun hagu kamar mai korar ƙuda, wato wannan ba komai ba ne. Sannan ya nuna ƙasan akwatin, ya yi ta kokawa da bakinsa har kalmar ta fito.

"La... ka."

Muka dubi juna. Mama ta sa gefen zane tana share ido, ta raɗa mini cewa, "Ka gani ko, ciwon ya taɓa mishi kai."

Ya sake cewa, da ƙarfi wannan karon, "Laka. Ina?"

Maiɗakina ta matso cikin ladabi ta ce, "Baba, ai mun wanke maka tas. Dattin nan duk an kai bola."

Ban taɓa ganin fuska ta mutu a gabana kamar yadda tasa ta mutu ba. Bai yi faɗa ba. Kansa ya sunkuya, hawaye ya gangaro ta gefen da ya shanye, ya yi wa Mama alama ta kai shi ɗaki. A nan ne abin ya faɗo mini. Sai dai fa in na yi magana na tona wa kaina asiri a gaban maiɗakina. Na yi gyaran murya na ce, "Wato... ba a kai ga kai ta bolar ba tukuna."

Ta juyo ta dube ni. "Malam, wata nawa yau?"

Na ruga sito. Na ture rediyoyi, gwangwanaye suka zubo mini a ƙafa, na ɗaga kwalin, ga leda nan yadda na ajiye ta. Na kawo na ɗora masa a cinya. Ya sa haƙori da hannu ɗaya ya kwance, ya shinshina, ya murza kaɗan a yatsunsa ya ji da sauran danshi. Ya nuna wa Mama aljihun tebur, ta ɗauko masa gilashin nan mai ƙara girman abu. Aka baje lakar a faranti. Ya daɗe yana tonawa, mu kuwa ko numfashin kirki ba ma yi. Can sai ya tsaya, ya miƙo mini gilashin. Na duba. Wani ɗan ƙwallo ne garai-garai, bai kai ƙwayar gero ba, yana ƙyalli a cikin baƙin ɓawon.

"Ƙwai," ya ce. Rabin bakinsa ya yi murmushi.

A hankali, kalma yau kalma gobe, ya warware mini zancen. Kifin nan duk rayuwarsa damina ɗaya ce. Ba ni na kashe su ba, tsufa ne, ko a hannunsa lokacinsu ya yi. Abin nan da na ɗauka wasa, ƙwai suke binnewa a laka. A daji kududdufi yakan ƙafe, iyaye su mutu, ƙasa ta tsattsage, amma ƙwan yana ciki yana jira, kuma ba ya ƙyanƙyashewa sai ya sha wannan zaman na rani. Masu kiwonsa sukan kwashe lakar ne, su matse ruwan, su ƙulle a leda, su ajiye a wuri mai duhu na wasu watanni. Ranar da ya faɗi yana shirin kwashewa ke nan, kuma ba shi da wata ajiyar sai ita. Wato abin da maiɗakina ta yi don tsabta, da abin da na yi don tarkace, su ne daidai abin da ake yi. Mama ta riƙe baki ta ce, "Shekara nawa ina ganin shi da ledojin datti, ban taɓa tambaya ba."

Na ce to a zuba ruwa mana yanzu. Ya ce a'a, sai ƙwan ya yi ido, kuma ruwan sama yake so. Nan fa aiki ya samu. Kullum da hantsi sai a baje masa faranti ya duba ko ido ya fito. Hannun hagu yana riƙe da gilashi, don haka dole na daman, wanda ya ƙi motsawa wata da watanni, shi zai tona. Da farko yatsun sai dai su ja laka kamar tsinke, daga baya suka fara tsinta. Mai gashi da ta zo ta ga haka ta ce a bar shi, wannan ya fi duk abin da take sa shi. Ya koma cin abinci, har ya fara yi wa Mama ƙorafin gishiri, ita kuwa tana ta murna da ƙorafin. Wata rana na dawo daga aiki ya kira ni ta katanga, na je na duba, sai ga ɗigo biyu baƙaƙe da zobe mai ruwan zinariya a cikin ƙwan, suna kallona.

Saura ruwa. Duk layin ba wanda ya kai mu kallon sama. Hadari ya haɗo ya watse, ya sake haɗowa ya watse. Ni kuma tsoro bai bar ni ba, don ya gaya mini wani lokaci ana zuba ruwa ba abin da zai fito. Ina tunanin in haka ta faru, mutumin nan zai sake juya fuska bango, kuma ban san ko za a sake samun abin da zai juyo da shi ba.

Ranar wata Lahadi bayan azahar aka tsuge da ruwa. Mama ko kayan coci ba ta cire ba ta fito da robobi, maiɗakina ta miƙo nata bahon ta katanga. Da aka ɗauke, aka bar ruwan ya kwanta, aka zuba a akwatin nan da aka wanke. Shi da kansa, da hannun dama yana rawa, ya juye lakar ciki. Ruwan ya yi baƙi ƙirin, sannan lakar ta fara kwanciya a ƙasa.

Muka zauna. Na je na yi la'asar na dawo, ba komai. Mama ta kawo gyaɗa ba wanda ya taɓa. Ina satar kallonsa, shi kuma idonsa na kan gilashi. Na fara haɗa kalmomin ban haƙuri a zuciyata ke nan, sai maiɗakina, ita da ta ce a kai bola, ta dafa gilashin ta ce, "Kai! Malam, ga wani abu yana motsi!"

Na kai fuskata. Wani ɗan abu ne kamar silin gashi mai ido biyu, yana fizge-fizge yana son tashi daga laka. Ya taso ya koma, ya sake tasowa, ya tsaya a tsakiyar ruwa. Kafin mu gama mamaki ga wani, ga wani can a kusurwa. Mama ta ɗaga hannu sama tana godiya ga Allah da yarensu, ni ina ta alhamdu lillahi, ban san sanda idona ya cika ba.

Sai na ji keken ya yi ƙara. Ya kama ƙarfen baranda da hannu biyu, ya yunƙura, ya miƙe tsaye don ya gani da kyau. Mama ta zabura za ta riƙe shi, ya girgiza kai. Ya juyo ya dube ni, ya yi jimlar da ta fi kowacce tsawo tun da ya kwanta.

"Ɗan Kiyawa, ka ga inda suke faɗowa?"

Na ce, "Na gani, Baba. Allah Ya jiƙan kakata, ashe daga ƙasa ne."

Yau yana tafiya da sanda, maganarsa ta dawo sai ɗan abin da ba a rasa ba, kuma zuriyar kifin nan tana nan a barandarsa. Duk shekara yakan raba lakar gida biyu, leda ɗaya a wajensa, ɗaya a wajena, wai don ya tabbatar ni ba zan zubar ba. Maiɗakina da kanta ta share mata wuri a sito, amma ta ce kada in kuskura in ɗauka wannan ya wanke rediyoyin.

Abin da na koya shi ne in daina saurin cewa abu ya ƙare. Mun ga akwati ba kifi muka ce shi ke nan, mun ga dattijo ya juya fuska bango muka fara cire rai, alhali dukansu biyu da sauran rai a ciki, lokacinsu ne bai yi ba. Tun daga shekarar, in na ga mutum ya bushe, ciwo ne ko rashi ko karayar arziki, ba na yanke masa hukunci. Nakan matsa kusa in zauna tare da shi, mu jira ruwa.